Motar Burodin Baba Madubi

Abin da aka fi tunawa game da mijin Yayata shi ne ranar da madubi ya ɓata. Madubin gefe ne na wata 'yar mota da yake haɗawa, kuma girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Ya ɗauko shi da matsefata, ya ɗiga masa gam, yana shirin manna shi ke nan sai atishawa ta zo masa ba sallama. Da ya buɗe ido, matsefata na hannunsa, mota na kan tebur, madubi kuwa ya yi nasa wuri.

Na zo gidan da yamma na tarar da kowa a durƙushe. An ɗage kujeru, an naɗe kafet, an hana Yaya taɓa tsintsiya. Auta, ƙaramar 'yarsu da ta zo hutun ƙarshen mako daga wurin aikinta, tana rarrafe da fitilar waya. Kyanwar gidan kuwa an kulle ta a banɗaki bisa zargi.

"Tsaya nan!" mijin Yayata ya daka mini tsawa tun ina bakin ƙofa. "Ɗaga ƙafa in ga ƙasan takalminka."

"Haba, yanzu fa na shigo."

"Madubin ma ba a san inda ya nufa ba. Ɗaga."

Na ɗaga. Ba a samu komai ba, sai aka ba ni nawa yankin, daga ƙofar kicin zuwa ƙasan firiji. Muka yi ta lalube har gwiwoyinmu suka yi tsami, madubi ya ƙi fitowa.

Washegari mijin Yayata ya tafi aski da fuska a murtuke. Mai aski ya sa mataji a gemunsa, mataji ya maƙale. Ya duba da kyau, ya ce, "Baba, wannan kwalliya ce, ko in cire?" Ashe madubin a gemu ya kwana, an wanke fuska da shi, an sha shayi da shi. Shagon a cike yake da masu jiran layi, kuma waɗanda ke wurin sun rantse cewa abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "A hankali, kada ka karce shi." Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Daga ranar sa'o'insa suka koma kiran sa Madubi, na ƙasa da shi su ce Baba Madubi, har shi ma ya gaji da ɓata rai ya fara amsawa.

Kafin madubi ya ƙwace masa suna, Direba ake ce masa, kuma ya ci sunan. Tun yana saurayi mai tsinin gashin baki ya kama aiki a wani gidan burodi, bai bari ba sai da gidan ya rufe. Mota ɗaya ya tuƙa duk tsawon shekarun nan, wata fara mai siffar akwati, hancinta a daɓe kamar an mare ta. Ƙofar gefenta ta ja ce, kuma sai ka dafa ta da gwiwa kafin ta yarda ta rufu. A cikinta kantocin katako ne hawa-hawa inda ake jera farantan burodi. Ya san kowane rami a titunan garin. Ya san mai shayin da ke son nasa ya ɗan ƙone, ya san matar da sai ta matsa kowane burodi da yatsa kafin ta karɓa. Yaya ta ce lokacin da yake neman aurenta, ƙamshi ne ke riga shi shigowa lungu. Ni ina ƙarami a lokacin, kuma na goyi bayan auren da zuciya ɗaya, saboda gutsattsarin da ke ragowa a ƙasan faranti.

Da aiki ya ƙare ya dawo gida, sai ya zame wa Yaya alaƙaƙai. Ya yi ta gyaran famfon da lafiyarsa ƙalau har sai da ya lalace. Ya koma koya mata yadda ake jera kwanuka. Rannan ta kira Auta a waya ta ce, "Ki samo wa mahaifinki abin yi, ko ni ki samo mini wani gidan."

Auta ta zo da kwali mai hoton mota a jiki. A ciki babu mota, sai ɓaraguzan mota na roba barkatai, kowane yana maƙale a jikin wani siririn firam da masu wannan harka ke kira ƙashin kifi. Kai za ka yanko su ɗaya bayan ɗaya, ka goge bakinsu, ka manna, ka yi fenti, har mota ta tashi mai tsawon tafin hannu, da kujerunta da injinta da komai, illa dai ba ta tafiya. Ya dubi kwalin ya ce wasan yara ne. Ya buɗe don kawai ya nuna wa Auta shirmen da ta sayo. Ranar sai da aka ɗumama masa abinci sau biyu.

Ya mallake ɗan teburin da ke bakin tagar baranda, kayan Yaya kuma suka fara ƙaura ɗaya-ɗaya. Matsefatarta ce ta fara tafiya, sai abin yanke farce, sai tsinken sakace, sai maƙalan shanya da yake matse ɓangarori da su kafin gam ya kama. Murafan kwalabe suka zama kwanukan dama fenti. Aka kafa doka a gidan, duk abin da ya ɓata a fara duba tebur kafin a zargi kowa.

Amma fa ya iya. Wannan ko ni da nake tsokanar sa ba zan hana shi ba. Na taɓa samun sa yana yi wa wani ɗan bututu fenti a can ƙarƙashin inji, wurin da in aka rufe murfi ba mai sake ganin sa har abada.

"Wa zai gani?" na tambaye shi.

"Ni na san yana ciki," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Kuma ba ya barin motarsa tana ƙyalli kamar ba a taɓa shigar ta ba. Sai ya ɗan koɗar da kujerar direba, ya ɗan ɓata gindin ƙofa inda takalmi ke gogawa. A cewarsa motar da ba a zauna mata ba, kayan ɗaki ce.

Masu wannan harka a garin ba su da yawa, kuma duk ranar Asabar da yamma suna haɗuwa a wani siririn shago da ke tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran waya. Matar da ke da shi ta gaje shi ne daga mijinta, suna kiran ta Uwar Shago. Da biro da littattafan 'yan makaranta take riƙe shagon, amma bangon baya duk kwalayen motoci ne da 'yan kwalaben fenti. A tagar shagon akwai kantar gilashi inda ake jera motocin da aka gama, kuma dokar kantar ɗaya ce tak: hannu ɗaya. Duk motar da za ta hau, mai ita ne ya yanka, ya manna, ya yi fenti, daga farko har ƙarshe. In wani ya riƙe maka ko da taya ce, sai dai ka ajiye abarka a gida.

Manyan zaman su uku ne. Akwai shi Madubi. Akwai Likita, likitan haƙori, dogo mai farar riga da ɗan gilashin ƙara girma a aljihun gaba, wanda ba ya ganin motar mutum bai samo mata aibu ba. Akwai Tela, gajere mai dariya da dukan jiki, tef ɗin awo kullum a wuya. Sauran suna zuwa suna tafiya. Kowane ɗayansu yana da kwalaye jibge a saman kwaba da ko ledarsu bai cire ba, waɗanda ko zai yi rai biyu ba zai gama haɗa su ba. Duk da haka in sun zauna ba su da zance sai na motar da ba a fito da ita ba tukuna.

Abin da ke hura wannan wutar shi ne wani ƙaramin kamfanin kwalaye da ke can nesa. Duk shekara yakan tambayi shagunan da ke sayar da kayansa cewa mutanen kowane shago su faɗi mota ɗaya da suke fatan gani a kwali, shi kuma ya zaɓi ɗaya ko biyu daga ciki ya yi. Mota ɗaya ga shago ɗaya. Ranar da za a ɗaga hannu a kan wannan, mai yankan makulli da kansa yakan kashe injinsa ya matso bakin ƙofa ya sha kallo.

Likita kullum motar tsere yake so, ja kamar garwashi, mai fiffike a baya. Tela yana son wata doguwa mara rufi mai kujerun fata, ya ce ko ba komai a ga ɗinki. In aka zo kan Madubi, kowa ya riga ya san amsa.

"Motar burodi."

"Haba Madubi," in ji Likita. "Wa zai sayi akwati mai taya huɗu? Ai ba sai sun wahala ba. Su manna wa kwalin tayoyi kawai su aiko maka."

"Likita, tsakaninka da Allah, motar tseren nan ka taɓa ganin ta da idonka?"

"Na gan ta a hoto."

"To tawa ka gan ta. Kowace safiya ta tsaya a bakin layinku. Da abin da ta kawo 'ya'yanka suka tafi makaranta. Taka kuwa me ta taɓa kawo wa wani? Zagaye take yi ta dawo inda ta tashi."

Sai a kwashe da dariya, a ɗaga hannu, motar burodi ta samu hannu ɗaya. Wata shekara ya ɗaga biyu, Uwar Shago ta ƙirga ɗaya. Bai taɓa fushi ba. Yakan karkaɗe hularsa ya ce akwai baɗi.

Sai ga shi baɗin ta fara yi masa wuyar dogaro. Ni a kofin shayi na fara lura. Yana riƙe da shi sai cokali ya riƙa ƙara a ciki, ƙil-ƙil-ƙil, shi kuma ya yi maza ya ajiye ya ɗora wa ƙafar tebur laifi. Yaya ta daɗe da sani. Ita ta ja shi asibiti, aka ce musu rawar hannu ce irin wadda ke zuwa a hankali, magani zai rage mata gudu amma ba zai mayar da ita baya ba. Hannun dama ne, wanda yake riƙe matsefata da shi.

Bai daina zuwa shago ba, amma ya daina kai mota. In an tambaya sai ya ce fenti bai bushe ba. Asabar ta bi Asabar, fenti bai bushe ba, har Tela ya ce, "Wai wannan fentin da ruwan kogi aka dama shi?"

Wata safiya na same shi a teburinsa, matsefata a ajiye, yana kallon hannun kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

"Ka san abin da ke damuna?" ya ce. "In hannu zai tafi, ya tafi, ya yi aikinsa. Amma kada kwalin motata ya zo bayan ya tafi. In zauna ina kallon ta a jikin ƙashin kifi, in kasa ciro ta. Wannan ne ba na so."

"To ka gaya musu mana. Ai za su ba ka ƙuri'ar bana."

"In yi bara da ciwo?" Ya harare ni. "Kuma kai ma in ka buɗe baki a shagon nan, ka daina cin abinci a gidana."

Da yake ina son abincin Yaya, na yi shiru. Amma ranar ɗaga hannu na bi shi, na samu wuri kusa da ƙofa na zauna.

Likita ya yi jawabinsa na kowace shekara a kan fiffike da jan fenti. Tela ya yi nasa a kan kujerun fata. Madubi ya ce motar burodi, hannunsa na dama a aljihu. Ana cikin haka Uwar Shago ta zagayo da shayi, ta miƙa masa kofi cike taf. Ba yadda zai yi, ya fito da hannun, ya tallafa da na hagu, amma duk da haka shayi ya ɗan zuba a faranti. Ba wanda ya kula sai mutum ɗaya. Likita ya yi rayuwarsa ne da sanin abin da tsayuwar hannu take nufi. Na ga idonsa ya sauka a kan kofin, ya daɗe a wurin, sannan ya kawar da kai ya shiga goge gilashinsa da gefen riga.

"To, masu motar tsere," in ji Uwar Shago.

Hannu biyu suka tashi daga baya. Likita yana ta goge gilashi.

"Likita, taka ce fa ake kira."

"Na ji. Ci gaba."

Aka kira doguwar Tela, Tela ya ɗaga. Aka kira motar burodi, Madubi ya ɗaga hannun hagu kamar kullum. Sai ga hannun Likita a sama, dogo kamar sandar fitila. Tela ya dubi Likita, ya dubi Madubi, ya ce shi ya yi kuskure ɗazu, susa yake yi. Ya ɗaga. Na bayan nan biyu suka ga babbansu ya sauya hanya, suka bi.

Madubi ya miƙe tsaye.

"Me ke nan? In tausayi ne, ku sauke hannuwanku. Ba na so."

"Tausayin wa?" in ji Likita. "Kanmu muke tausaya wa. Shekara nawa muna jin labarin ƙofar da ake dafawa da gwiwa? A yi maka akwatin nan mu samu lafiyar kunne."

"Ni kuma so nake in gani," in ji Tela, "ko da gaske akwai motar da ta kai wannan muni."

Madubi ya tsaya yana duban su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Can ya zauna a hankali, ya ce, "To, in don ku huta ne, na yarda."

Sai Uwar Shago ta tuna musu da sharaɗin kamfanin. Motar da ba sananniya ba, sai an aika da hotunanta ta kowane gefe da awonta, daga jikin ta gaskiya. Irin waɗannan motocin an daɗe da yanka su an sayar da ƙarfe.

"Akwai ko ɗaya da ta rage?" ta tambaya.

"Akwai," in ji Madubi. "Tawa."

Ashe duk shekarun nan ya san inda take. Da Yaya ta ji, ta tafa hannu ta ce, "To! Can ne ke nan ake zuwa miƙe ƙafa."

A bayan garejin wani bakanike muka same ta, an kewaye ta da tsofaffin tayoyi, ita kuma ba ta da ko ɗaya, a kan bulo take zaune. Rana ta cinye fentinta har ta koma launin toka. Matar bakaniken ta mayar da ita akurki, kaji na ƙwai a kantocin da ake jera burodi. Madubi ya tsaya a gabanta ya gyara hula, ya juyo ya dube mu kamar mai gabatar da babbar 'yarsa.

"Ga ta nan," ya ce. "Ku gaishe ta."

Tela ya zare tef daga wuya ya hau aiki yadda ya saba. "Kafaɗa, ma sha Allah. Tsawo, babu laifi. Ƙugu... Madubi, baiwar Allahn nan ba ta da ƙugu. Daga sama har ƙasa awo ɗaya ne." Uwar Shago na ɗaukar hoto da waya. Likita, da farar rigarsa, ya kwanta rigingine a ƙasa cikin kashin kaji yana leƙen ƙarƙashi, yana faɗin in za a yi abu a yi shi daidai. Madubi ya ja ƙofar gefe, ta yi ƙara ta buɗe, kaji suka watse. Ya sake jan ta, ta tsaya a rabi. Ya ɗaga gwiwa ya dafa ta a wani wuri da shi kaɗai ya sani, ta rufu ƙyas. Ya juyo yana murmushi har kunne.

"Kun gani? Kuka ce ƙarya nake."

Daga nan ya shiga ya zauna a kujerar direba, wadda ba abin da ya rage mata sai waya da ɗan soso. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Muka ba shi wuri, muka koma auna ƙofar baya da muka riga muka auna.

Aka aika, aka shiga jira. Shaguna da yawa ne ke aikawa, kuma ba wanda ya yi mana alkawari. A watannin nan bai buɗe kwali ko ɗaya ba. Kowace safiya, in ya sha magani hannun ya ɗan lafa, sai ya ɗauki siririn burushi ya yi ta jan layi a bayan tsohon kwali, daga hagu zuwa dama, don kada hannun ya manta. Wani layin ya miƙe, wani ya yi tafiyar maciji. Yaya na kwashe kwalayen ta zubar.

Ranar da labari ya zo, Uwar Shago ba ta yarda da waya ba. Rufe shago ta yi da rana tsaka ta zo gidan da kanta, tana haki. Kamfanin ya sanar da motocin da zai fitar, ga zanen motar burodi a ciki, da daɓaɓɓen hancinta. Sun ce motocin tsere sun zo musu ba adadi, amma mota ɗaya ce ta zo da kaji a hotonta, kuma duk ma'aikatansu ita suka tsaya kallo.

Ta buɗe zanen a wayarta, Madubi ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana duba.

"Sun ɗan ɗaga fitilar hagu," ya ce. Ya miƙa mata wayar, ya shige banɗaki, muka ji ya buɗe famfo. Na yunƙura zan yi magana, Yaya ta ce, "Kai, ƙyale shi."

Sai da shekara ta zagayo har ta gota kafin kwalin ya iso, kuma hannun bai tsaya jiran sa ba. Amma Madubi ya shirya. Ya cika tsohuwar safa da shinkafa ya ɗaure bakinta, ya riƙa ɗora wuyan hannunsa a kai. Abin da a da yake riƙewa da yatsa, yanzu maƙalin shanya ke riƙe masa. In zai manna ƙaramin abu sai ya ja numfashi ya riƙe, ya jira rawar ta yi sanyi, ya sauke a daidai lokacin. In ya kuskure, ya goge ya sake. Abin da yake yi a zama ɗaya a da, yanzu yana cin safiya uku ko huɗu.

Yaya ta ce ya bari ta riƙe masa ko da gefe ɗaya ne. Ya ce doka ta hana. Ta ce to ita za ta zauna ta riƙa karanta masa lambar kowane ɓangare, don ya huta da ɗaga kai. Sai da ya aika aka tambayi Uwar Shago ko wannan ya halatta. Amsa ta dawo cewa baki ba hannu ba ne. Haka suka riƙa zama a bakin taga, ita da tabaraunta da takardar bayani, shi da safarsa ta shinkafa, suna musu a kan ko shida ce ko tara.

Kamfanin ya yi kantocin ciki amma bai sa burodi ba. Sai Madubi ya yanyanka abin goge fensir ƙanana-ƙanana, ya yi musu fenti ruwan ƙasa, ya jera. Mota ta tashi, fara sol. Saura abu ɗaya. Ta gaskiyar tana da jan layi da ya zagaye ta daga fitila zuwa ƙofar baya, amma da yake rana ta cinye shi kafin a ɗauki hoto, kamfanin bai san da shi ba. In ana son layi, sai dai a ja shi da burushi.

Tela ya ce a bar ta fara, ba wanda zai tuna. Madubi ya ce ba tare da layin ba ai motar asibiti ce. Likita kuwa gidan ya zo shi kaɗai wata yamma, abin da bai taɓa yi ba. Ya duba motar ta kowane gefe, ya rasa aibun da zai samo mata, sannan ya rage murya.

"Layin nan, minti biyu ne a wurina. Daga ni sai kai."

"Na gode, Likita," in ji Madubi. "Ka riga ka ba ni hannunka sau ɗaya a shago. Ya isa."

Likita ya miƙe. Ya sha ruwa ya tafi.

Da safe Madubi ya ja layin. Yaya ta ce ba ta iya kallo ba, kicin ta shige ta tsaya riƙe da ludayi ba ta dama komai, har sai da ta ji ya saki numfashi ya ce a kawo masa shayi.

Ranar Asabar ya sa sabuwar riga, ya ɗauki motar a kwalin takalmi da aka shimfiɗa wa auduga, muka raka shi ni da Yaya da Auta. Uwar Shago ta buɗe kantar gilashi, ta matsar da wata jar motar Likita gefe, ta ce masa ya sa da kansa. Ya sa ta a tsakiya, ƙofar gefe a ɗan buɗe yadda za a ga burodin.

Ba a jima ba wata tsohuwa da ke wucewa da kwandon cefane ta ja ta tsaya a waje. Ta matso da fuska har hancinta ya taɓa gilashi, ta kira mai yankan makulli. "Kai, zo ka ga! Motar burodi ce! Wallahi ita ce!" Mai gyaran waya ya fito, wasu masu wucewa suka tsaya, kowa na ba da labarin inda take tsayawa a layinsu. Kantar nan ta daɗe cike da motoci masu ƙyalli, ba a taɓa taruwa a kanta haka ba. Madubi yana tsaye a ciki, hannu a baya, ƙirji a gaba, yana yi kamar bai ji ba.

Likita ya zaro gilashinsa daga aljihu, ya sunkuya. Ya bi jan layin daga fitila, ya wuce ƙofa, ya zo daidai saman tayar baya, inda layin ya ɗan kauce ya dawo kamar mota ta kauce wa rami. Ya ɗago, ya gyara murya yadda kowa zai ji.

"Madubi, wannan layin naka ina ya je ya dawo? Ko ya tsaya sauke burodi ne a hanya?"

Tela ya ƙunshe dariya. Yaya ta dubi mijinta. Shi kuwa ko gilashin bai karɓa ya duba ba.

"Mai fentin gidan burodinmu ne," ya ce. "Tsoho ne, hannunsa na rawa. Yadda ya ja shi a babbar, haka na ja shi a ƙaramar, ban ƙara ba ban rage ba. Kai da ka saba da motar hoto, ina za ka sani?"